Tseren Guntayen Furotin a Uppsala

Aikina a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Kano ya ta'allaƙa ne a kan wani ɗan akwatin roba mai ruwa gefe da gefe, da wayoyi biyu, ja da baƙa. A ɗiga jini a kan 'yar takarda, a kunna wuta, a jira, sai layuka su fito: wannan AA, wannan AS, wancan SS. Tun da gwajin jini kafin aure ya zama doka a jihar a 2024, masu jira a ƙofarmu suka ƙaru, kuma na sha ganin yadda ɗan layi guda a kan takarda yake tabbatar da ranar biki ko ya rushe ta. Shi ya sa da wani kwas na ma'aikatan gwaji ya kai ni Stockholm, babban birnin Suwidin, ina gamawa na nufi Uppsala. A can aka haifi wannan sana'a ta rarrabe abubuwan jini da lantarki, wadda masana ke kira ilektiroforesis, kuma a can ɗan baffana yake karatun digiri na uku a kan jikanyarta.

Tsakanin garuruwan biyu kamar kilomita 70 ne, tafiyar minti arba'in a jirgin ƙasa. Ƙarshen Nuwamba ne. Yaron ya tare ni a tasha da hular sanyi da safar hannu da ya riƙo mini, muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Yaya, mu ɗaga ƙafa, rana ba ta daɗewa a nan." Gaskiyarsa. Azahar takan yi kafin sha biyu, La'asar wajen ƙarfe ɗaya, Magariba wajen uku, mutum yakan sallaci ukun da alwala guda ba tare da ya yi wani ƙoƙari ba.

Garin bai da girma. Kogin Fyris ya raba shi biyu, kasuwa da tasha a gabas, jami'a da babbar coci da tsohuwar fada a kan tudu a yamma. Hasumiyoyin cocin sun haura mita 118, ko daga ina ka ɓace za su mayar da kai hanya. Jami'ar kuwa tun 1477 take, ita ce mafi tsufa a ƙasashen arewacin Turai. Mun wuce ta gidan da Celsius ya yi nazarin taurari, wanda sunansa ke kan ma'aunin zafin da muke sa wa marasa lafiya a hammata, muka hangi ƙubbar Gustavianum inda ɗaliban likitanci na ƙarni na 17 suke tsayawa hawa-hawa suna kallon fiɗar gawa. Duk wannan na gan shi a gurguje, don ba shi ya kawo ni ba.

Abin da ya kawo ni ya soma ne da madara. A 1883, wani malamin kimiyyar jiki na wannan jami'a, Olof Hammarsten, ya nuna cewa akwai sinadarin fosfaras a cikin kasin, wato furotin ɗin da ke daskarewa idan nono ya yi tsami. Babu wanda ya san amfaninsa a lokacin. Sai a 1932 Fritz Lipmann da Phoebus Levene a birnin New York suka gano inda fosfaras ɗin yake maƙalewa a siffar fosfet, suka ciro shi daga furotin na gwaiduwar ƙwai yana manne da amino asid ɗin da ake kira serin. Daga nan ma sai da aka ƙara shekara ashirin da wani abu kafin Edmond Fischer da Edwin Krebs a Seattle su fahimci cewa wannan ɗan fosfet makunni ne. Jiki yana liƙa shi a kan furotin ya tashi aiki, ya cire shi furotin ya kwanta, wani lokaci kuma akasin haka. Sun gan shi ne a enzayim ɗin da ke warware sukarin da tsoka ta adana, kuma a kan haka aka ba su kyautar Nobel a 1992. Yau an san enzayim masu liƙa fosfet, waɗanda ake kira kinas, sun haura 500 a jikin ɗan Adam. Idan ɗaya ya maƙale a kunne ya ƙi mutuwa, ƙwayar halitta sai ta yi ta rabuwa ba tsayawa. Haka wani nau'in sankarar jini yake samuwa, kuma maganin imatinib da aka amince da shi a 2001 toshe wannan kinas ɗin yake yi.

Ke nan tambayar da ɗan baffana yake kwana yana tashi da ita ba ta wasa ba ce: wane furotin ne yake ɗauke da fosfet, a wane gurbi, guda nawa?

Muna hawan tudu zuwa ɓangaren da ɗakunan binciken suke, ya buɗe wayarsa ya nuna mini wani tsohon hoto. Na'ura ce doguwa, ta cinye tsawon ɗaki, da madubai da fitila da kwatarnin ruwan sanyi, a tsakiyarta wani ɗan bututun gilashi mai siffar harafin U. Wannan ita ce na'urar Arne Tiselius ta 1937. Tiselius almajirin Theodor Svedberg ne, mutumin da ya ƙera injin juyi mai tsananin gudu don auna nauyin furotin, ya kuma karɓi Nobel a 1926. Malamin ya rarrabe furotin da nauyi, almajirin ya ce bari ya gwada da caji. Babban abokin gabarsa zafi ne. Idan lantarki ya ratsa ruwa sai ruwan ya ɗumama, mai ɗumi ya taso, mai sanyi ya nutse, duk abin da ka raba ya sake cakuɗewa. Dabararsa ita ce ya siranta bututun ya ba shi kusurwa huɗu don zafi ya fita da sauri, ya kuma tsoma shi a ruwa mai sanyin digiri 4, inda nauyin ruwa ba ya canzawa sosai ko da ɗumi ya ɗan motsa. Da haka ya ga ruwan jini ya rabu gida huɗu, albumin da wasu uku da ya raɗa wa suna alfa, beta da gama. Nobel ta same shi a 1948.

Na daɗe ina kallon hoton, saboda na san abin da ya biyo baya. A 1949, a Kalifoniya, Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu suka zuba jinin masu amosanin jini a irin wannan na'ura, suka ga haemogulobin ɗinsu ba ya tafiya daidai da na masu lafiya. Shekara bakwai bayan haka, a Cambridge ta Ingila, Vernon Ingram ya yanyanka haemogulobin da enzayim mai suna tirifsin, ya baza guntayen a kan takarda da lantarki, ya ga guntu ɗaya tak ya sauya wuri. A cikinsa amino asid guda ne ya canza, mai cajin negatif ya fita, marar caji ya shiga. Wannan cajin da ya ɓace shi ne abin da nake karantawa kullum a Kano. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar yara masu sikila, kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabin gadonta, amma kaɗan ne cikinmu masu gwajin suka taɓa jin sunan garin da akwatinmu ya samo asali.

Ɗakin binciken da ya kai ni ba shi da wani kwarjini. Tebura, kwalabe masu lamba, firji yana gurnani. Na'urar kanta ba ta fi ƙaramin firjin ofis ba. Ya buɗe ta ya zaro wani abu da na ɗauka zaren kamun kifi ne, launin zuma, tsawonsa ya ɗan haura rabin mita.

"Riƙe a hankali, Yaya. Gilashi ne."

Gilashin ma'adini ne tsantsa, an lulluɓe shi da siririyar roba don kada ya karye, kuma ramin cikinsa maikuromita 50 ne, wato kashi ɗaya cikin ashirin na milimita. A wani wuri kusa da ƙarshe an ƙone robar an bar 'yar taga mai haske, ta nan fitila ke leƙa abin da yake wucewa. Wannan bututun ma a Uppsala aka fara tunaninsa. Stellan Hjertén, almajirin Tiselius, ya kwashe shekaru yana aiki da bututun da faɗin cikinsa ya kai milimita 3, yana juya shi a hankali a kan kansa don ya hana ɗumi cakuɗa ruwan, ya wallafa aikin a 1967. A 1981 James Jorgenson da Krynn Lukacs a jihar North Carolina ta Amurka suka sauko da faɗin zuwa maikuromita 75, sai buƙatar juyi ta kau. Bututu mai wannan sirantaka yana zubar da zafinsa nan take, saboda haka ana iya ɗora masa bolt 30,000 ruwan bai tafasa ba. Akwatina na Kano 'yan ɗaruruwa yake ɗauka.

Don ya nuna mini aikin a fili, bai ɗauko samfurin bincikensa ba, sai ya ɗauko abin da kowane mai wannan sana'a yake gwada na'urarsa da shi, wato beta-kasin na madarar shanu. Furotin ne mai amino asid 209, yana ɗauke da fosfet biyar. An riga an yanka shi da tirifsin, enzayim ɗin nan dai na Ingram, wanda ba ya sara sai bayan laisin ko arjinin. Guntayen da suke fitowa su ake kira feftayid. Biyu daga cikinsu ne suka kwashe fosfet ɗin duka: wani mai amino asid 16 yana da ɗaya, wani mai 25 yana da huɗu.

Ya cika bututun da ruwa mai tsami, pH wajen 2.5. Ya ce a irin wannan tsami kusan kowane guntu yana zama mai cajin fositif, don haka duk za su nufi sandar negatif, inda tagar take. Na tambaye shi me zai sa wani ya riga wani.

"Yaya, ka ɗauka amalanken shanu ne. Cajin shi ne shanun da ke ja, girman guntun shi ne kayan da aka lafta. Wannan mai amino asid 16 ɗin, ba don fosfet ba, da shanu biyu gare shi. Fosfet yana zuwa da cajin negatif guda, ya kashe fositif guda. Kamar an kwance sa ɗaya ke nan. Kayan bai ƙaru da wani abin kirki ba, nauyin fosfet dalton 80 ne a kan guntun da ya kai 2,000, amma jan ya ragu da rabi."

Ya shirya kwalabe biyu. Ɗaya samfurin yadda yake, ɗaya kuma an zuba masa enzayim mai cire fosfet. Na'urar ta tsoma bakin bututun a ta farko, ta tura iska na 'yan daƙiƙoƙi, abin da ya shiga 'yan nanolita ne, kuma nanolita guda kashi ɗaya ne cikin miliyan na mililita. Ba a ganinsa, ba a jin komai. A allon kwamfuta wani layi ya miƙe yana tafiya, can sai ya fara tsiro da tsinaye sirara, kowane tsini guntu ne ya gifta taga. Bai kai rabin awa ba aka gama. Ya wanke bututun, ya saka ta biyu, ya ɗora zanen biyu a kan juna. Duk tsinayen sun hau kan 'yan uwansu daidai, sai guda ɗaya da yake can baya a zanen farko, a na biyu ya ɓace daga wurin, wani sabo ya ɓullo a gaba.

Na yi shekaru ina karanta layin S da ke bayan layin A, amma ban taɓa ganin an cire abin da ke jinkirta abu a gabana, ya kuma tsallako gaba ba. Gani ya kori ji. Na roƙe shi ya bar zanen a allo na ɗan ƙara dubawa.

Da ƙarfe uku kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Al'adarsu ce da suke kira fika, a taru a sha gahawa da burodi mai kirfa, farfesa da ɗalibi da mai wanke kwalabe duk tebur ɗaya. Wata abokiyar aikinsa, wadda ta girme shi a harkar, da ta ji abin da nake yi a gida sai ta matso da kujerarta. Ita ce ta faɗa mini wahalar da madara take ɓoyewa. A kasin fosfet a cike yake. A ƙwayar halittar mutum kuwa, sau da yawa kashi kaɗan ne na furotin yake ɗauke da shi a kowane lokaci, kuma da zarar ka fasa ƙwayar, enzayim masu cirewa za su hau kansa, sai an yi maza an zuba abin da zai dakatar da su, a kan ƙanƙara. Bayan haka dole a tsamo masu fosfet ɗin daga cikin dubban da ba su da shi. Dabarar ma ta nan garin ce. Jerker Porath, wani almajirin Tiselius, ya ƙirƙiro hanyar ɗaure ƙwayoyin ƙarfe a jikin ƙananan duwatsu a 1975, sannan a 1986 shi da Lennart Andersson suka nuna cewa ƙarfen da aka ɗaure haka yana cafke furotin masu fosfet ya ƙyale sauran. Yanzu da yawa suna amfani da hodar titaniyam, amma tunanin ɗaya ne.

Svedberg ya koyar da Tiselius, Tiselius ya koyar da Hjertén da Porath, kowanne ya karɓi matsalar da malaminsa bai ƙarasa ba. Wannan silsilar ita ta fi tsaya mini a rai a duk tafiyar. Matsalar zafi kaɗai ta ci shekara arba'in da huɗu tsakanin bututun U da siririn bututun Jorgenson, kuma ba a yi watsi da ita ba don ta daɗe. Ni a ganina abin da ɗakunan gwajinmu suka fi rasa ke nan, fiye da na'ura: babba ya zauna wuri ɗaya tsawon lokacin da zai isa ya miƙa wa yaro tambaya, ba wai ya koya masa danna maɓalli kawai ba.

Abokiyar aikin ɗan baffana ce kuma ta ba ni labarin Tony Hunter. A 1979, a cibiyar Salk da ke Kalifoniya, yana binciken furotin na wata ƙwayar cuta mai haddasa ƙari. A lokacin kowa ya san fosfet a kan serin da tireyonin. Ya yi gwajin lantarki da tsohon ruwan da aka daɗe ana maimaita amfani da shi, wanda tsaminsa ya zarce daga pH 1.9 zuwa 1.7, sai wani ɗigo ya fito inda ba a saba gani ba. A sabon ruwa, da ya ɓuya a ƙarƙashin na tireyonin. Ɗigon nan fosfet ne a kan tairosin, kuma daga gare shi aka gano dangin kinas ɗin da imatinib yake toshe ɗaya daga cikinsu. Mutane sukan ba da labarin a matsayin sa'a. Ni da nake wannan aiki na san mai gwaji nawa ne zai ga ɗigo a wurin da bai dace ba ya ce datti ne, ya jefar da farantin. Hunter bin diddigi ya yi har ya san ko mene ne.

Ban so na tafi da rabin labari ba, don haka na tambaye ta: idan bututun nan ya kai haka, me ya sa yawancin masu binciken fosfet ba shi suke amfani da shi ba? Ba ta kare shi ba. Ta ce ƙanƙantarsa ita ce rauninsa. Abin da yake ɗauka kaɗan ne ƙwarai, idan samfurin ya tsinke da ruwa ba za ka ga komai ba. Guntaye masu cajin fositif sukan manne a bangon gilashin su ɓata tsinin, lokacin fitowa yakan ɗan gusa daga gwaji zuwa gwaji, haɗa bakinsa da na'urar awon nauyin ƙwayoyi kuma aiki ne mai son haƙuri, ko da yake tun 1987 aka fara yinsa. Saboda haka akasari suna bin ɗaya hanyar, ta tura samfuri cikin bututu mai cike da hoda mai maiƙo. Sai dai wannan hanyar tana da nata makanta. Gajerun guntaye masu son ruwa sukan wuce fit ba su tsaya ba, masu fosfet da yawa kuma sukan liƙe a ƙarfen injin. Irin waɗannan ne siririn bututu yake kamawa. Akwai ma inda ya fi burge ni: guntu biyu iri ɗaya, kowanne da fosfet guda, amma ɗaya a serin na farko, ɗaya a na kusa da shi. Nauyinsu daidai yake, ma'auni ba zai bambance su da nauyi kawai ba. Amma maƙwabtan fosfet ɗin sukan ɗan taɓa cajinsa da yadda guntun yake naɗewa, kuma wani lokaci wannan ɗan bambancin ya isa su fito a tsini biyu. A jiki kuwa gurbin farko zai iya nufin kunna, na biyu ya nufi kashe.

Na gaya mata cewa a akwatinmu haemogulobin D yakan tsaya daidai inda S yake, har a iya ba mutum sakamakon da ba nasa ba. Ta ce manyan asibitoci da dama sun koma na'urar siririn bututu saboda irin wannan, tana raba su, tana kuma faɗin kashi nawa ne na kowanne. Na rubuta wannan a littafina na ja masa layi biyu.

Da muka koma ɗaki na tuna wani abu. Na ce masa, "Kai, ina mai fosfet huɗun? Ban gan shi ba."

Ya yi murmushi. "Ai ba zai zo ba, Yaya. Fositif uku gare shi, fosfet huɗu. Negatif ya rinjaya, don haka da aka kunna wuta baya ya juya, ya koma kwalbar da ya fito."

Ya sauya ruwan da wanda ba shi da tsami, pH wajen 9. A nan bangon gilashin da kansa yake ɗaukar cajin negatif, ya jawo ƙwayoyin fositif na cikin ruwan su jeru a jikinsa. Idan aka kunna wuta, waɗannan suna tafiya suna jan ruwan bututun gaba ɗaya zuwa taga. Guntayen kuwa yanzu kusan duk negatif ne, kowanne yana ƙoƙarin komawa baya, amma ruwan ya fi su gudu, sai ya tafi da su. Wanda cajinsa ya fi yawa shi ya fi turjiya, shi zai makara.

Muka zauna muna jira. Tsinaye suka fito a cunkushe da farko, sannan mai fosfet ɗaya, sannan layin ya daɗe a miƙe har na fara tunanin ko an gama. Ya ce in ƙara haƙuri. Can a ƙarshe tsinin ya taso shi kaɗai, ɗan faffaɗa fiye da sauran. Ya rubuta lokacin a littafin aiki, ya sa na'urar ta wanke bututun da ruwan soda sannan da ruwa tsantsa, saboda wata ɗaliba ta riga ta rubuta sunanta a takardar layi, ƙarfe bakwai na safe za ta hau.